Yadda Ake Shirya Tafiyar Keke a Hanyar Burji, Nesa da Motoci

Tun da na fara fita da keke zuwa gonakin Kadawa da safiyar Asabar, tambayoyin da ake yi mini ba sa wuce uku: wane keke zan saya, ina zan bi da ba motoci, kuma me zan yi idan na yi faci a tsakiyar daji. Na ga gara in tsara amsar daki-daki, yadda mutum zai bi ta tun daga kasuwa har ya dawo gida lafiya. Misalaina na kewayen Kano ne, domin nan na sani, amma hanyar burji da burtali da gefen kanal, wato hanyar ruwan noman rani, akwai su a kusan ko'ina a ƙasar Hausa.

1. Zaɓen keke

Ba sai ka sayi keken da Turawa suka ƙera musamman don tsakuwa ba, mai lanƙwasasshen hannu irin na tsere da taya mai kauri. Yana da daɗi, amma yana da tsada, kayan gyaransa kuma ba ko'ina ake samu ba. Keken hawa dutse na gwanjo, mai taya inci 26 da giya, ya ishi mai farawa, kuma shi ne mai gyaran ƙauye ya fi sabawa da shi. Baƙin keken iyayenmu, Raleigh ko Phoenix, ya daɗe yana cin waɗannan hanyoyi ɗauke da buhu, sai dai ba shi da giya, ga nauyi, zai gajiyar da kai a yashi.

A wurin mai sayarwa, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka duƙa ka duba duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, musamman ƙarƙashin wuyan keken da wajen feda. In ka ga tsaga, ko sabuwar walda da aka rufe da fenti, ka bar shi komai arharsa. Ɗaga keken ka juya kowace ƙafa ka ga ko tana rawa. Kama feda ka girgiza ta hagu da dama. In tana motsi, boris ya ci. Sannan ka hau, ka sauya giya ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ka matse birki biyun. Tsaya da ƙafafu a ƙasa, keken na tsakaninsu: ya kamata a sami tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninka da ƙarfen sama.

Kan kuɗi, farashin gwanjo yana tafiya da dala, don haka ka yi lissafi da kaso. In ka raba abin da ke hannunka gida goma, bakwai kawai za ka ba mai keke. Biyu na sabbin tayoyi ne da tub da robar birki da wayoyin giya da ladan mai gyara, ɗaya kuma na hular kwano da famfo. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zuba komai a kan keke, ya fita da tsohuwar taya da ta bushe ta tsattsage.

*Gargaɗi:* birki mai aiki da mai yana kamawa sosai, amma in ya zube a ƙauye ba wanda zai gyara maka. Mai farawa ya zaɓi birki mai waya.

2. Taya da iska

Nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta lalace, saboda haka zan ɗan tsaya.

Faɗin taya kada ya gaza milimita 38. In keken hawa dutse ne, inci 1.9 zuwa 2.1 ya yi. Ba ka buƙatar taya mai manyan haƙora irin ta taɓo, sai dai in da damina za ka fita. Mai ƙananan haƙora a jere ta fi gudu a kan burji.

Ka karanta lambar da ke jikin tayarka ka rubuta ta a waya. Akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa: tayar da ake rubuta wa 700c da tayar baƙin keke mai inci 28 suna kama da juna a ido, amma ba ɗaya ba ne. Ta farko 622 ce a ma'aunin milimita, ta baƙin keke 635, ta inci 26 ta keken dutse kuwa 559. Tayar da ke rataye a shagon ƙauye ba za ta zauna a ƙafar 700c ba ko da an yi da ƙarfi. Haka ma bawul, wato bakin da ake bugo iska ta cikinsa: akwai mai kauri irin na mota da babur, akwai siririn da ke zuwa da kekunan Turai. Famfon mai faci ba ya kama siririn. In naka siriri ne, ka nemi ɗan ƙaramin ƙarfen da ake ɗaura masa ya koma irin na mota, ka bar shi a jakarka.

Sai iska. Mun saba a ce a bugo taya har ta yi tauri kamar dutse. A kwalta hakan ba laifi, amma a burji taya mai tauri tsalle take yi, ba ta riƙe ƙasa, kuma duk girgizar a hannunka da bayanka take ƙarewa. Mai nauyin kilo 70 a kan taya milimita 40 zai fara da kusan 40 a ma'aunin iska na psi. A tayar inci 2, tsakanin 30 da 35. Ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi. In ba ka da ma'auni, danna da babban yatsa: ta ɗan lotsa kaɗan, amma in ka hau kada ta baje.

*Gargaɗi:* in ka rage iska fiye da kima, dutse zai matse tub da ƙarfen ƙafa ya yi maka huda biyu a jere kamar saran maciji. Wannan ta fi wuyar faci.

Abokan gabar taya a ƙasarmu ƙayoyi ne: tsidau da ke kwance a ƙasa ba a ganinsa, da ƙayar aduwa, da ta bagaruwa da magarya, musamman inda manoma suka ja shinge. Tsohuwar dabarar masu gyara har yanzu tana aiki: a yanka tsohon tub a tsaye, a cire bawul ɗinsa, a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub. Yana ƙara nauyi kaɗan, amma yana tare tsidau. Mai hali zai iya zuba ruwan nan mai toshe huda a cikin tub.

3. Daidaita sirdi

Zauna a sirdi, ka jingina da bango, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkace ba, tsayin ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa bayan awa ɗaya. Ka bar shi a kwance daidai, kada bakinsa ya kalli sama.

4. Neman hanya

Hanya mai shiru ba a kan taswira kaɗai ake gane ta ba, amma daga nan ake farawa. Buɗe Google Maps ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam. Jan layi mai faɗi burji ne. Farin layi mai haske yawanci yashi ne, ka yi hattara da shi. Siririn layi tsakanin gonaki kuma ko hanyar ƙafa ce ko burtali. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana gida, domin sabis yana ɗaukewa. Manhajojin taswira na OsmAnd da Organic Maps suna aiki ba intanet, kuma wani lokaci suna nuna ƙananan hanyoyin da Google bai sa ba.

Ga mai farawa a Kano, ban ga wurin da ya fi yankin noman rani na Kadawa ba, wanda ya ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwansa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, kuma gefen manyan kanal-kanal ɗin akwai hanyoyin ƙasa da aka yi don aikin kula da ruwan. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, kuma ɓata yana da wuya, tunda in ka bi ruwa ka tafi, ruwan ne zai dawo da kai. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, a nan kore ne: alkama, tumatir, albasa, masara. Wanda ya ɗan ƙware yana son hawa da gangara sai ya nufi wajen duwatsun Rano.

Tafiyar farko kada ta wuce kilomita 20 gaba ɗaya, goma zuwa goma dawowa. A burji sabon shiga ba ya wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa, kuma in yashi ya shigo, lissafin ya ragu. Ka tabbata akwai gari ko ƙauye a kowane kilomita biyar zuwa bakwai, inda za a sami ruwa da mai faci da babur in abu ya ƙi.

*Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a wannan jagorar:* taswira ba ta nuna tsaro. Kafin ka shiga kowace hanya da ba ka sani ba, tambayi mutumin yankin a makon da za ka je, ba labarin bara ba. 'Yan acaɓar bakin tasha sun fi kowa sanin halin da hanya take ciki. Yankin da ake fama da 'yan bindiga ko masu garkuwa da mutane, ko wanda ke iyaka da dajin da suke, ba wurin yawon keke ba ne ko da rana tsaka, ko da kuna da yawa. Kada ka fita kai kaɗai. Ku kasance biyu zuwa huɗu. Ka bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za ku bi da lokacin dawowa, kuma kada ka saka hanyar da ranar a Facebook sai bayan kun dawo.

5. Rana da lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin. Ƙasa ta bushe, safiya da sanyi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, saboda haka ka tsara ka fuskance ta da ƙarfinka na safe, ta turo ka a dawowa. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango nesa, mai asma ko tari ya haƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40; in za ka fita, ka kasance a gida kafin goma na safe. Da damina hanyoyin fadama laka ce mai liƙewa a taya har ƙafa ta daina juyawa, sai a jira kwana biyu bayan ruwa.

Ka fara taka feda da gari ya waye, bayan sallar Asuba, ka gama kafin Azahar. Sannan ka tambayi ranar kasuwar yankin. Hanyar da take shiru ranar Talata takan cika da babura da a-kori-kura ranar kasuwa: Wudil Juma'a take ci, Dambatta Lahadi. A Kadawa kuma, lokacin ɗiban tumatir manyan motoci suna shiga har bakin gona, musamman ta wajen Kwanar Gafan. Da azumi a bar doguwar tafiya.

6. Abin da za a ɗauka

Ruwa ne farko. Ka lissafa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, ka ƙara lita ɗaya ta ko-ta-kwana. Gora ɗaya ka haɗa ta da gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Ka riƙa kurɓa kowane minti goma sha biyar, ba sai ƙishi ya kama ka ba. Guzuri kuwa namu na gida ya wadatar: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba. Ka karya kumallo da abu mara nauyi kafin fita.

Kayan gyara: tub biyu na lambar tayarka, famfon hannu, faci da sholisho da ɗan yanki na sanfefa, abin ɓamɓare taya guda biyu, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, da sifana 15 in ƙafafun kekenka da noti aka ɗaure su. Ƙara tsumma, da ɗan haɗin sarƙa wanda ya dace da yawan giyarka. Ka buɗe sholishon a gida ka duba, domin wanda aka taɓa buɗewa yakan bushe a ajiye.

Na jiki: hular kwano, tabarau saboda ƙura da ƙwari, takunkumi ko ɗan rawani don lokacin da babur ya wuce, riga mai dogon hannu mai haske, takalmi rufaffe. In wandonka mai faɗi ne, ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta kama shi. Sai katin shaida, waya cike da caji, bandeji da ruwan wanke ciwo, da kuɗi a hannu ƙananan canji waɗanda za su iya ɗauko kai da kekenka a babur zuwa titi. Kada ka dogara da tiransifa.

Kaya a jikin keke ake ɗaura su, a kariya ko a jakar ƙarƙashin sirdi. Jakar goyo mai nauyi tana dafa baya.

7. Fita daga gari

Kada ka tuƙa keke a titin Kano zuwa Zariya don kawai ka kai inda burji ya fara. Tirela da tankar mai ba sa ganin mai keke. Kura kimanin kilomita 30 ce daga Kano. Cire ƙafar gaba, sa keken a but ɗin mota, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauki a-kori-kura. Ku ajiye motar a wurin da aka san da ita, gidan mai ko ƙofar wani sananne, bayan kun nemi izini. Kafin ka hau, tabbatar ƙafar da ka cire ta ɗauru sosai kuma ka mayar da birkinta.

8. Tuƙi a kan burji

Da farko ka san wane hannu ne birkin gaba. A kekunan tsarin Ingila dama ne, a yawancin na Amurka da Turai hagu ne, gwanjo kuma kowanne yana zuwa. A tsakuwa, matse birkin gaba da ƙarfi shi ne hanya mafi sauri ta faɗuwa. Ka riƙa matsa biyun a hankali, ka rage gudu tun kafin kwana, kana cikin kwanar kuma ka saki.

Riƙe hannun keke sako-sako, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ka bar keken ya yi 'yar rawarsa a ƙarƙashinka. Idonka ya kasance mita goma gaba, inda kake son bi. Ramin da ka zuba wa ido shi za ka faɗa. A wurin gargada ka ɗan ɗaga daga sirdi, feda biyu a daidai, ƙafafu su shanye girgizar.

Yashi yana da nasa karatun. Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka matsa baya a kan sirdi don ƙafar gaba ta yi sauƙi, ka ci gaba da taka feda ba tsayawa, kada ka juya hannu da ƙarfi, kada ka taɓa birki. Bi sawun babura, nan ƙasa ta fi dannuwa. In ya yi zurfi, sauka ka tura, ya fi a karya ƙashin wuya.

*Gargaɗi:* gefen kanal yakan zaizaye, kuma simintinsa yana da santsi, wanda ya faɗa da wuya ya fito. Bar tazarar mita ɗaya tsakaninka da baki. Kada ka sha ruwan, kada ka shiga wanka komai zafi, domin ruwan noman rani yana ɗauke da tsargiya. In kuma kai ya fara sarawa, ga jiri ko tashin zuciya, ka tsaya a inuwa nan take, ka jiƙa rigarka, ka sha haɗin gishiri da sukari, ka nemi babur. Wanda ya fara ruɗewa ko surutai, asibiti za a kai shi ba jira.

9. Mutanen hanya

Hanyar nan da kake ganin ba kowa, ta mutane ce: wanda zai kai taki gona, yarinya mai tallar fura, dattijo a kan jaki. Kai baƙo ne, kuma shigarka da hular kwano da tabarau tana iya tayar da hankali a wannan zamanin. Da ka doshi gari, rage gudu, cire tabarau da takunkumi, ka yi sallama. In ka ga dattawa a gindin bishiya, sauka ka gaishe su: "Baba, barka da hutawa, mun same ku lafiya? Daga Kano muke, motsa jiki muke yi, wannan hanyar tana ɓullewa Bunkure?" In za ku riƙa zuwa akai-akai, ku je ku gaida mai unguwa ko dagaci sau ɗaya. Ranar da sarƙata ta tsinke a bayan wani gari, wani dattijon da na saba gaisarwa ne ya aika jikansa ya kira mai gyara daga gida.

Kada ka ratsa gona ko da an girbe, kada ka taka kunyar ban ruwa. Kada ka ɗauki hoton mata a bakin rijiya ko na yara ba izini. Ledar ruwan da ka sha ka mayar aljihu, awaki suna ci su mutu.

In kun haɗu da garke a burtali, hanyar tasu ce. Sauka, koma gefe, kada ka buga ƙararrawa, ka gaida makiyayi ka jira su wuce, kuma kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Karnukan ruga kuwa gudu ne ke zuga su. Sauka, sa keken tsakaninka da kare, ka ja da baya a hankali har mai shi ya tsawatar. In ya cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti goma sha biyar, ka je asibiti a ranar.

10. In ka yi faci

Ja keken inuwa, amma duba ƙasa tukuna kada ka zauna a kan abin da ya huda ka. In ƙafar baya ce, mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙorin giya kafin ka cire. Ɓamɓare gefe ɗaya na taya, zaro tub, ka ba shi iska ka saurari inda take fita. Sannan ka bi cikin tayar da tsumma, daga baya da yatsa a hankali, har ka sami ƙayar ka cire ta. Wanda ya tsallake wannan zai huda sabon tub kafin ya yi mita ɗari.

A hanya ka sa sabon tub kawai, ka bar faci sai an huta. Ka ba shi 'yar iska ya ɗauki siffa, ka shigar da bawul, ka mayar da taya da hannu, ka duba kada tub ya maƙale a baki kafin ka bugo. In tub biyun sun ƙare sai faci: goge wurin da sanfefa, shafa sholisho siriri fiye da faɗin facin, ka jira kamar minti biyar ya daina ƙyalli, sannan ka liƙa ka danne sosai. Gaggawar liƙawa a kan ɗanyen sholisho ita ke sa faci ya ɗaye.

11. Bayan an dawo

Sanar da wanda ka bar wa saƙo cewa kun iso. Kafin ka shigar da keke, juya tayoyin a hankali ka tsince ƙayoyin da suka maƙale ba su kai ga tub ba. Goge sarƙa da tsumma. In ta yi baƙi da jar ƙura, wanke ta da kananzir, ka bari ta bushe, ka ɗiga man sarƙa ko man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ka goge na waje tas. Kada ka bari a shafa maka baƙin man inji: yana kama ƙura ya zama kamar sanfefa, ya cinye sarƙa da haƙoran giya tare. A wurin wankin mota kuma kada a harba ruwa mai ƙarfi a wajen boris. Ka liƙe tub ɗin da ya huje a daren nan, ka ba shi iska ya kwana, in da safe bai sace ba ka naɗe shi ya koma jaka. A fita ta gaba ka ƙara kilomita biyar kawai.